Hanyar Zama Gwani a Likitancin Dawakin Hawa da Sukuwa

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne da Allah Ya yi wa arzikin dabbobi, domin kasuwar shanunta, wadda ke cika ran Laraba, tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma daga cikinta ake lodin tireloli zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen Kudu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan yaron da ya tashi a nan, ya sami sha'awar likitancin dabbobi, hankalinsa ya tafi ga sa da tunkiya da akuya, ga allurar rigakafi da duba nama a mayanka. Amma akwai wata dabba a garin wadda ba don nama ko nono ake kiwonta ba, ba kuma don a sayar ba galibi, sai don ƙarfinta da gudunta da kwarjininta, watau doki. Kuma gari mai fada biyu, ta Mai Fika da ta Mai Potiskum, ga hakimai, ga attajirai masu barga, ga samari masu ƙilisa, ba ya rasa dawaki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne likitan da ya keɓe rayuwarsa ga sanin yadda jikin doki yake aiki a lokacin gudu, da yadda yake raunana, da yadda ake mai da shi fage bayan ya raunana. Wannan fanni ne mai zaman kansa, yana da malamansa da sharuɗɗansa da jarrabawarsa, kuma hanyar isa gare shi ce nake nufin in bayyana.

Kafin a shiga maganar makarantu, ya kamata a dubi buƙatar. Dokin hawa a ƙasarmu yakan shafe watanni a turke, ana zuba masa gero ko dawa da dusa da harawa, ana jin daɗin ganin ya yi ƙiba yana sheƙi, sa'an nan idan salla ta rage mako guda a kwance shi a yi ƙilisa sau biyu ko uku, ran hawa kuwa a ɗora masa sirdi mai nauyi da kayan ado, mahayi ya hau da rawani da alkyabba, a yini cikin rana, daga ƙarshe a sake shi da gudu a bisa kwalta a ja linzami a tsayar da shi nan take a gaban sarki. Kashegari sai a tarar wani yana ɗingishi, wani bayan ƙafarsa ta gaba ya kumbura ya yi zafi, wani kuma ya sandare ya ƙi motsi, tsokar cinyarsa ta yi tauri, fitsarinsa ya yi duhu. Abin da ke biyo baya sananne ne: ko a kira mai lalas ya ƙona wurin da ƙarfe, ko a aiki yaro kemis ya sayo allurar kashe zafi a yi ta dannawa har dokin ya taka, a ce ya warke. Hausawa da kansu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a sha'anin doki kusan kullum haka ake yi.

Magabata ba su jahilci wannan mas'ala ba. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari, ta hanyar Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa tsere tsakanin dawaki, ya ba waɗanda aka yi wa taɗmiri, watau aka hore su aka rage musu kitse, zango mai nisa daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hore ba kuwa ya taƙaita musu zango daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Asalin ilimin da muke magana a kansa ke nan, cewa kowace dabba ana ɗora mata aiki gwargwadon shirin da aka yi mata. A ƙarni na 14 kuma, Abubakar ɗan Badar, shugaban likitocin bargar Sarkin Masar Nasir Muhammadu ɗan Ƙalawun, ya wallafa Kamilus Sina'ataini a kan horon doki da baiɗara, watau likitancinsa. To, ɗalibin da ya nufi wannan fanni kada ya ɗauka baƙon abu ne ya aro daga Turawa. Abin da suka ƙara shi ne na'urori da awo da tsarin jarrabawa.

Matakin farko ba shi da makawa, shi ne digirin likitan dabbobi, wanda ake kira DVM, shekara 6 ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB da Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizik. Mafi kusa da mutumin Potiskum ita ce Jami'ar Maiduguri, sa'an nan akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda tsangayarta ta girmi sauran na Arewa, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, sai dai nasiha guda: darasin sassan jiki da ake yi a farkon karatu, wanda yawancin ɗalibai ke haddacewa don su ci jarrabawa su manta, shi ne jarin mai wannan niyya. Ya san ƙafar doki daga kafaɗa zuwa kofato, ƙashi-ƙashi, gaɓa-gaɓa, da kowace agara da kowace jijiyar ji da inda ta bi, har ya zama idan ya rufe ido ya ɗora yatsa zai iya faɗin abin da ke ƙarƙashin fata. Bayan kammalawa sai rantsuwa da rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, VCN, da sabunta lasisi kowace shekara, sai bautar ƙasa. Kuma a wannan shekara ta bautar ƙasa ya yi iyakar ƙoƙari a tura shi inda dawaki suke da yawa suna aiki, kamar kulob ɗin folo na Kaduna ko Kano ko Katsina, ko rundunar 'yan sanda masu dawaki, ko asibitin koyarwa na jami'a. Folo ya daɗe a Arewa, ana buga Kofin Jojiya a Kaduna tun 1919, Sarkin Katsina Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje, don haka a waɗannan filaye ne matashin likita zai ga raunin gudu iri-iri cikin mako guda na gasa, fiye da abin da zai gani a shekara a ofishin ƙaramar hukuma.

A nan ne ya kamata a dakata, domin abin da zan faɗa yanzu shi ne ginshiƙin sana'ar, kuma ba ya buƙatar biza ko dala. Doki ba ya faɗin inda ke masa ciwo, likita ne zai gano, kuma gano gurbin ɗingishi yana da tartibi wanda ba a tsallake shi. Za a fara da tambayar ɗan barga, ba maigida ba, domin shi ya san ranar da abin ya fara da abin da aka riga aka ba dokin. Sa'an nan a dubi dokin a tsaye, a ga wace ƙafa yake sassauta wa, a shafa kowace ƙafa daga sama zuwa ƙasa ana neman zafi da kumburi, a taɓa jijiyar jinin da ke gefen gaɓar da ke bisa kofato a ji ko bugunta ya yi ƙarfi, a ɗaga kofaton a kankare shi a matsa shi ɓangare-ɓangare da awartakin gwaji, saboda kaso mai yawa na ɗingishin ƙafar gaba a cikin kofato yake, ƙusa ce ko tsakuwa ko ƙurji. Bayan haka a sami fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, yaro ya riƙe ragama da sassauci ya yi sassarfa da dokin, tafiya da dawowa, likita yana tsaye yana kallon kai: idan ciwon a gaba yake, kan dokin zai ɗaga sama daidai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa, ya sauka idan mai lafiya ta taka, idan kuwa a baya yake, ƙugu ake kallo, ɓangaren mai ciwo ya fi hawa da sauka. Sai a lanƙwashe gaɓar da ake tuhuma a riƙe kamar minti ɗaya, a saki a sake sassarfa, a ga ko ɗingishin ya ƙaru. Idan har yanzu da shakka, sai a kashe jin zafi da allura a kan jijiyar ji, a fara daga can ƙasa kusa da kofato ana hawowa mataki-mataki, inda duk dokin ya daina ɗingishi, ciwon yana ƙasa da wannan wuri. Sai bayan duk wannan ne ake ɗauko na'urar hoton ƙashi ko ta sikanin, domin na'ura ba ta nuna inda za a duba, tabbatarwa kawai take yi. Likitocin dawaki na Amurka suna auna tsananin ɗingishi daga 0 zuwa 5, kuma ya kyautu matashi ya saba da wannan ma'auni tun da wuri, don abin da ya rubuta a Potiskum wani likita a Alƙahira ko Landan ya karanta ya gane.

Na ce rubutu, kuma da gangan na faɗa. Ya sayi babban littafi, kowane doki ya duba ya shigar da kwanan wata, da shekarun dokin da aikinsa da abincinsa, da zafin jikinsa, wanda ga lafiyayye yake tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyas, da bugun zuciyarsa, wanda a hutu yake tsakanin 28 da 44 a minti, da abin da ya gani da abin da ya yi da yadda aka ƙare. Ya ɗauki bidiyon sassarfar da wayarsa ranar farko da bayan wata guda. Likitoci da yawa sun yi shekara ashirin suna aiki ba su da shafi ɗaya da za su nuna. Alhali kuwa duk wata kwalejin ƙwararru a duniya, abin da take fara tambaya shi ne wannan littafi, kuma daga cikinsa ne maƙalar bincike take fitowa.

A cikin gida, babbar shaidar ƙwarewa ita ce ta Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, CVSN, wadda ke ba da matsayin mamba da na felo a fannoni irin su tiyata da magani da haihuwa da lafiyar jama'a. Likitancin wasanni bai tsaya da ƙafarsa a cikinta ba tukuna, don haka mai wannan buri sai ya shiga ta ƙofar tiyata ko magani, ya karkatar da bincikensa ga dawaki, ya haɗa da digiri na biyu idan hali ya yi. A ra'ayina wannan mataki ya wadatar ga mafi yawan masu niyyar zama a gida su yi aiki, kuma ba abin rainawa ba ne.

Wanda kuwa himmarsa ta kai shi ga neman cikakkiyar shaida a wannan fanni da sunansa, to, ƙofofi biyu ne sanannu. Ta farko kwalejin Amurka ce ta likitancin wasanni da farfaɗo da dabbobi, ACVSMR, wadda Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka ta amince da ita na wucin gadi a 2010, ta cika amincewar a 2018. Ta biyu takwararta ce ta Turai, ECVSMR. Kowaccensu ta kasu reshe biyu, na dawaki da na karnuka da ƙananan dabbobi, kuma ɗalibi ɗaya yake zaɓa. Tsarinsu ya yi kama da yadda malamanmu na zaure suke ba da ijaza, inda ba yawan littattafan da ka karanta kai kaɗai ake dubawa ba, sai a gaban wa ka durƙusa, shekara nawa ka lazimce shi, shi kuma daga wa ya karɓa. Ana fara da shekara guda ta horon asibiti inda ake zagaya sassa, ko gogewar aiki da ta yi daidai da ita. Sa'an nan shekara 3 ta mulazama a ƙarƙashin likitan da shi kansa yake riƙe da shaidar kwalejin, ana zagawa sashen hotuna da tiyata da cututtukan ciki da na jijiyoyi da ilimin abinci da magance raɗaɗi. A cika adadin marasa lafiyar da aka shar'anta a littafi. A buga maƙala a mujallar ilimi wadda masana suke tacewa. Kwamiti ya binciki takardun ya yarda. Kana a zauna jarrabawa, wadda a Amurka take da kashi na ilimin bai ɗaya da kashi na dabbar da aka zaɓa. Wanda ya haye shi ake kira difulomat na kwalejin. A Turai shaidar ba ta har abada ba ce, duk shekara 5 sai an sake tantance mai ita.

Wahalar da ke gaban ɗan Nijeriya tana gabanin wannan duka. Digirinmu ba ya ba mutum izinin taɓa dabba a Amurka kai tsaye, sai ya bi ɗaya daga shirye-shiryen daidaita shaida guda biyu, ECFVG ko PAVE, da jarrabawar Turanci, da jarrabawar lasisi ta NAVLE, kuma kuɗinsu da dala ake biya, masu yawa. Ko da yake wasu asibitocin jami'o'i sukan ɗauki baƙo da izini na musamman wanda bai wuce harabarsu ba, kuma wannan ita ce ƙofar da ya fi kyau a fara ƙwanƙwasawa. Ana neman guraben ta wani tsarin haɗa ɗalibi da asibiti mai suna VIRMP, a cika takardu a ƙarshen shekara, aiki ya fara wajen watan Yuli. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma abin da ke rinjayar da mizani shi ne wasiƙun shaida daga ƙwararrun da suka ga aikinka da idonsu. Saboda haka hikima ita ce a fara da ziyarar makonni a wuraren da suka fi kusa da sauƙi, irin su tsangayar Onderstepoort ta Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu, ko asibitin American Fondouk da ke Fas a Maroko, wanda tun 1927 yake kula da dawaki da alfadarai da jakuna kyauta, ko manyan asibitocin dawaki na Dubai da Doha. Idan aka lissafa, 6 na digiri da 1 na bautar ƙasa da 1 na horon asibiti da 3 na mulazama sun zama shekara 11, ba tare da yajin aiki da jiran gurbi ba. Wanda ya shiga jami'a yana da 18 da wuya ya gama kafin ya haura 30.

Akwai wata mas'ala da ya wajaba a yi tahƙiƙi a kanta, saboda ruɗu yana shiga ta nan. Ana ba da wasu takardun shaida na gajeren kwas a fannin farfaɗo da dabbobi, kamar CERP na dawaki da CCRP na karnuka waɗanda aka sani da Jami'ar Tennessee, da kwasa-kwasan ƙungiyar ISELP da suka ginu a kan karantarwar Farfesa Jean-Marie Denoix na Faransa a kan ɗingishi da sikanin. Ilimi ne mai fa'ida ƙwarai, wani sashensa ma ta intanet ake yi, kuma ina kwaɗaitar da duk mai hali ya nema. Amma ba su ne shaidar kwaleji ba, kuma wanda ya yi kwas na 'yan makonni ya dawo ya rubuta a allon asibitinsa cewa shi ƙwararre ne mai shaidar Amurka, ya yi tadlisi, watau yaudara, ko da aikinsa yana da kyau.

To, me gwanin yake yi wanda wani ba ya yi? A ɗauki raunin da ya fi yawa ga dawakin gudu, watau yagewar agarar da ke bayan ƙafar gaba, tsakanin gwiwa da gaɓar ƙasa. A kwanakin farko aikin shi ne kwantar da kumburi: ruwan sanyi ko ƙanƙara na minti 20, sau biyu ko uku a yini, da ɗauri mai laushi, da maganin kumburi gwargwado, da hutu. Daga nan sai tafiya a hannu, minti 5 zuwa 10 a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta kai wajen minti 40 a cikin wata uku; a sake sikanin, idan zaren agarar ya fara jeruwa a yarda a hau shi a yi taƙama kawai; sassarfa sai bayan wasu watanni, sukuwa kuwa sai an doshi wata 9 zuwa 12, kuma ba a hawa wani mataki sai hoto ya ba da izini. Dalili shi ne zafin yakan tafi tun cikin makonni, alhali naman da ya cike gurbin yagewar bai yi ƙwari ba, kuma ba ya taɓa kai asali wajen talewa, shi ya sa raunin yake yawan dawowa. Lalas ba ya gaggauta wannan ko kaɗan. In an ga amfani bayansa, hutun dole da ƙunar ta jawo ne ya yi aikin. Tsakanin ƙaramar salla da babba kuwa kwana 70 ne ko ƙasa da haka kaɗan, watau dokin da ya yage agara a hawan farko ba shi da rabo a na biyu. Nan ne ake gane likita, ranar da zai durƙusa a gaban hakimi ya ce, "Ranka ya daɗe, kilin nan bana sai dai ya yi kallo, in aka hau shi da layya, baɗi ma ba za a same shi ba," ya kuma iya faɗar haka da ladabin da zai sa a karɓa.

Haka dokin nan da ya sandare da duhun fitsari: tsokarsa ce ta narke saboda yawan hatsi da rashin motsi da aikin bazata, kuma ba a tilasta masa tafiya, ba a kuma danna masa allurar fenilbutazon alhali jikinsa ba ruwa, domin tana iya lalata ƙoda, ruwa yake buƙata tukuna. Rigakafinsa mai arha ne, a rage hatsi a ranakun hutu, a fara ƙilisa ta kullum tun wata biyu kafin hawa. A zafin Afrilu da Mayu na Yobe kuma, doki mai aiki yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a sa'a guda, don haka al'adar hana shi ruwa har sai an sauka daga hawa ganganci ce. 

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano a cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma abin alfahari ne ga duk ƙasar da ake hawa, har da Fika da Potiskum da Bade da Machina. Ina roƙon masu martaba da gwamnatin Yobe su ɗauki nauyin matashin likita ko da guda ɗaya har ya kai ƙarshen wannan hanya, bisa sharaɗin ya dawo ya karantar, su kuma saya wa asibitin dabbobi na Potiskum na'urar sikanin ta hannu wadda za a keɓe wa dawaki. Kai kuma ɗalibi, kada ka jira su. Je ka bargar da ta fi kusa da gidanku, ka gai da Shamaki ko mai kula da ita, ka nemi izinin duba ƙafafun dawakin, ka fara rubutawa.